Macizai Huɗu, Katantanwa da Tsuntsu: Rigimar Tutar Tsibirin Martinik

Shekaru da dama, duk wanda ya lalubo tutar Martinik a cikin 'yan hotunan nan da ake turawa a waya, wato imoji, abin da zai ci karo da shi shi ne shuɗin ƙyalle da farin gicciye ya raba gida huɗu, a kowane gida ga farin maciji ya nannaɗe ya tasa kai. Baƙo zai ce tuta ce mai ban sha'awa. Amma tura ta ga wanda kakanninsa suka sari rake a gandun Bature ba lada, ka ji abin da ba ka shirya ji ba. Babu majalisar da ta taɓa zama ta ce wannan ce tutar Martinik. Duk da haka ita ta cika littattafan tutocin duniya, ita ce kuma ke manne a kayan sarkin jandarmomin tsibirin, wato 'yan sandan soja, har zuwa 2018. Daga wannan shekara zuwa 2023 tutoci huɗu suka kama kokawa a tsibirin: ta macizai, ta katantanwa, ta tsuntsu, da wata mai ja da kore da baƙi wadda hukuma ta daɗe tana yi wa kallon tutar 'yan tawaye. Ta ƙarshen ce ta yi kaye.

Martinik tsibiri ne a tekun Karibiyan, tsakanin Dominika a arewa da Sent Lusiya a kudu. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,128, mutanensa kimanin 350,000, babban birninsa Fort-de-France. Tsakaninsa da Faris kusan kilomita 7,000 ne, amma a doka yankin Faransa ne sak: kuɗinsu yuro, fasfonsu na Faransa, suna zaɓen shugaban ƙasa, suna tura wakilai majalisar dokoki a Faris. Sashe na 2 na kundin tsarin mulkin Faransa ya faɗi ƙarara cewa tambarin ƙasa shi ne tuta mai launi uku, shuɗi da fari da ja. Wannan tana nan a gaban kowace ma'aikata. Rigimar a kan ta biyun ake yi, wadda za ta tsaya a gefenta ta ce wa duniya ga mu nan, mu ne mutanen wannan tsibiri.

Kada a ɗauka neman magana ne kawai. Martinik tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa tata ta kanta. Ba ta cikin FIFA, saboda ba ƙasa ba ce, amma tana cikin CONCACAF, hukumar ƙwallon Amurka ta Arewa da ta Tsakiya da Karibiyan, har ta taɓa cin kofin Karibiyan a 1993. In 'yan wasanta suka jeru a fili za su kara da Meziko, wace tuta za a ɗaga musu? In an ɗaga ta Faransa, ai Faransa tana da ƙungiyarta. Haka nan tun 2015 tsibirin yake zama a teburin ƙungiyar ƙasashen gabashin Karibiyan a matsayin ɗan rakiya, kowa da 'yar tutarsa a gabansa.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a kan nauyin tuta. Da an ce Shehu ya ba wane tuta, magana ta ƙare: an san wanda ya aiko shi, an san da yawun wa yake magana. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna tutocin Martinik ɗaya bayan ɗaya. Kyawun zane da ma'anar launi duk suna baya. Abin tambaya shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa.

A 1635 wani Bafaranshe mai suna Pierre Belain d'Esnambuc ya sauka a tsibirin ya kafa garin Saint-Pierre. Kafin shekara talatin an kashe 'yan asalin wurin, mutanen Kalinago, an kori sauran. Sai rake ya shigo, rake kuwa yana cin hannu, sai aka shiga jigilar bayi daga gaɓar Afirka, tun daga Senegambiya, ta Wida a Benin ta yau, har zuwa Kwango. A 1685 Sarki Louis na 14 ya kafa dokar bayi da ake kira Code Noir, wadda ta lissafa bawa cikin kayan gida. Dokar ta ce bawan da ya gudu ya kai wata ɗaya, a yanke masa kunnuwa, a ɗana masa jan ƙarfe a kafaɗa mai ɗauke da furen da ke tambarin gidan sarauta. In ya sake, a tsinke masa agara, a ɗana a ɗaya kafaɗar. A na uku, kisa. Tambarin hukuma na farko da baƙar fata ya ɗauka a Martinik ke nan, kuma a fatar jikinsa ya ɗauke shi.

Sukarin yana kawo kuɗi ƙwarai. Da Ingila ta ƙwace tsibirin a 1762, Faransa ta gwammace ta sallama Kanada ɗungurungum a yarjejeniyar 1763, muddin za a mayar mata da tsibiranta na rake. Shekara uku bayan haka, ranar 4 ga Agusta 1766, hukumomin sarki a tsibirin suka fitar da umarni cewa jiragen ruwan fatake na Martinik da Sent Lusiya su riƙa ɗaga tuta ta musamman. Ba su ƙirƙiri sabon abu ba. Shuɗi da farin gicciye tsohuwar tutar jiragen kasuwancin Faransa ce, suka ƙara mata maciji a kowane gida. A teku tuta ita ce takardar shaida, da ita ake gane jirgin gida da na baƙo tun daga nesa, a zamanin da doka ta hana 'yan mulkin mallaka ciniki da kowa sai Faransa. Macizan an lanƙwasa su kamar harafin L, kuma bayanin da aka fi yi shi ne Lusiya ake nufi, domin a lokacin hukuma ɗaya ke riƙe da tsibiran biyu. Abin dariyar shi ne Sent Lusiya ta koma hannun Ingila tun 1814, ta sami 'yancin kai a 1979, tana da tutarta. In gari ya yi garau ana hango duwatsunta daga kudancin Martinik. Ita ta tafi, harafinta ya rage a ƙyallen maƙwabciya.

Shi macijin ba na tatsuniya ba ne. Dangin kububuwa ne, mai faffaɗan kai kamar tsinin mashi, a Martinik kaɗai ake samun irinsa a duniya. Yana son duhun rake da ciyawa, inda ɓeraye suke. Ka tuna wa ke shiga gonar rake ba takalmi, da adda a hannu, tun asuba. Mai gandu yana baranda, sara kuwa a ƙafar bawa yake sauka. Tsoronsa ya kai mutanen karkara ba sa son kiran sunansa, sai su ce "doguwar dabba", kamar yadda mu ma muke cewa igiyar ƙasa in dare ya yi. Har akwai zancen da ake yi a tsibirin cewa masu gandu ne suka shigo da shi don hana bayi gudu daji. Masana dabbobi sun ce ɗan asalin wurin ne, ya riga kowa zuwa. Amma yadda zancen ya kama bakin mutane ya isa ya nuna maka matsayin macijin a zukata. A ƙarshen ƙarni na 19 an kawo wani dangin tunku daga Indiya don ya cinye shi. Tunkun yana yawo da rana, macijin da dare, sai ya koma kan kaji da tsuntsaye.

Juyin juya halin Faransa ya kawar da sarauta da tutocinta, ta macizai ma ta kwanta. A ƙarni na 20 ne ta farfaɗo a matsayin tambari, ta hau bangon gine-ginen hukuma da bajon jandarma, daga nan ta bi littattafai ta zama "tutar Martinik" ba tare da an tambayi kowa ba. Masu kare ta suna da hujja. Sun ce manyan jiragen safarar bayi daga Nantes da Bordeaux da La Rochelle suke tasowa, ba su ne umarnin 1766 ya shafa ba, don haka kiran ta tutar masu cinikin bayi kuskuren tarihi ne. Sun kuma ce macijin ɗan gida ne, babu inda ke da shi, me ya fi wannan dacewa da tambari? Ni dai hujjar ba ta cika mini ciki ba. Jiragen da suka ɗaga ta me suke ɗauka? Sukari da kofi da giyar rake, gumin bayi zalla. Wa ya bayar da ita? Gwamnan sarki. Wa ya karɓa? Fatake da masu gandu. Mafi yawan mutanen da ke tsibirin a ranar da aka sa hannu, doka ba ta ma lissafa su cikin mutane ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. To, wannan tsumman da macijin a jikinsa, har huɗu.

Bauta ta daɗe a Martinik fiye da yadda ya kamata ko da a ma'aunin Faransa. Da aka soke ta a 1794, tsibirin yana hannun Ingila, don haka sokewar ba ta iso ba. Sai 1848. Faris ta sa hannu kan dokar 'yantarwa ranar 27 ga Afrilu, amma kafin takardar ta ƙetare teku, bayi suka yi bore a Saint-Pierre ranar 22 ga Mayu, bayan an kama wani bawa mai suna Romain saboda ya kaɗa ganga. Washegari gwamna ya shelanta 'yanci bisa raɗin kansa. Mutum sama da 70,000 suka fita daga bauta. Diyyar da gwamnati ta biya a 1849 kuwa iyayen gijin bayin aka ba, kuma ƙasar noma ta zauna a hannunsu. Jikokinsu, waɗanda ake kira beke, 'yan tsiraru ne ƙwarai, amma har gobe suna riƙe da kaso mai tsoka na gonaki da manyan kantuna.

Akwai wani labari na 1870 da ke nuna tun yaushe ƙyalle ke jawo jini a tsibirin. Wani baƙar fata, Léopold Lubin, wani Bature ya zane shi da bulala a hanya don bai kauce masa ba. Ya kai ƙara, aka yi watsi da ita. Da ya rama da hannunsa, sai aka yanke masa ɗauri mai tsanani. Cikin masu taya alƙali yanke hukuncin akwai wani mai gandu a Rivière-Pilote, Codé, wanda dama ya kafa farar tuta a gidansa. Farar tuta a Faransa ta gidan sarauta ce, ma'aikatan gona kuwa suka karanta ta da cewa mutumin yana begen zamanin bauta. A Satumba kudancin tsibirin ya kama da wuta, aka ƙone ganduna, aka kashe Codé. Hukuma ta murƙushe boren, ta harbe wasu, ta tura wasu gidan kaso a Giyana, cikinsu har da wata matashiya, Lumina Sophie, wadda yau ake ji da sunanta. Masu ja-kore-baƙi suna cewa tun a wannan bore aka ɗaura waɗannan launuka. Ko a nan aka fara ko ba a nan ba, can suke kai salsalar tutarsu, kuma da gangan suke yi.

Bayan yaƙin duniya na biyu hanya ta rabu biyu ga ƙasashen da Faransa ta mallaka. Nijar da maƙwabtanta suka bi wadda ta kai su ga tutar kansu da 'yancin 1960. Martinik ta riga ta bi ɗayar. Ranar 19 ga Maris 1946 majalisar Faransa ta mayar da ita cikakkiyar jiha ta ƙasar, kuma wanda ya gabatar da ƙudurin shi ne Aimé Césaire, mawaƙin nan da ya yi suna wajen ɗaukaka baƙar fata, magajin garin Fort-de-France daga 1945 har 2001. Lissafinsa shi ne talakan da ke fama da yunwa da zaluncin beke ya fi buƙatar haƙƙin ɗan ƙasa, albashi da asibiti da makaranta irin na Faris. Daidaiton ya zo da jan ƙafa, shi kansa Césaire ya koma neman cin gashin kai a cikin Faransa, ya kafa jam'iyyar PPM a 1958.

Matasa ba su da haƙurinsa. Ranar 20 ga Disamba 1959, wata 'yar hatsaniya tsakanin wani Bature mai mota da baƙar fata mai babur a tsakiyar Fort-de-France ta rikiɗe ta zama tarzomar kwana uku, jami'an tsaro suka kashe samari uku. Lokacin ana yaƙin Aljeriya, inda wani ɗan tsibirin, Frantz Fanon, ya koma ɓangaren masu neman 'yanci, ga Kuba kuma ta yi juyin juya hali a maƙwabta. A Disamba 1962 wata ƙungiyar matasa masu adawa da mulkin mallaka, OJAM, ta wayi gari ta manne bangon gari da takarda mai cewa Martinik ta 'yan Martinik ce. Aka gurfanar da mutum 18 daga cikinsu. Daga wannan zuriya launukan suka fito fili, kuma a wajajen 1968 Guy Cabort-Masson da Alex Ferdinand suka ba tutar siffar da aka san ta da ita yau: jan alwatika a gefen sanda, kore a sama, baƙi a ƙasa. Da harshen Kiriyol, wanda shi ne harshen gida da kasuwa, ana ce mata wouj-vè-nwè. Ja jinin da aka zubar ne da gwagwarmaya, kore ƙasar da manomanta, baƙi kuwa asalin mutanen. Launukan da ƙungiyar Marcus Garvey, ɗan gwagwarmayar nan na Jamaika, ta zaɓa wa baƙar fatar duniya ne a 1920, su ne kuma a tutocin Kenya da Malawi. Ɗan Najeriya zai tuna wata tutar mai waɗannan launuka, zai kuma gane dalilin da ya sa gwamnati ba ta wasa da irin wannan ƙyalle.

Ita wannan babu gwamnan da ya bayar da ita. Hannu da hannu ta yi yawo, daga yajin aiki zuwa jana'iza, daga zanga-zanga zuwa filin ƙwallo. A 1995 magajin garin Sainte-Anne, Garcin Malsa, ya sa majalisar garinsa ta amince a kafa ta a goshin ofishinsa. Wakilin gwamnatin Faransa ya kai ƙara, shari'a ta yi shekara goma, har ta kai kotun ƙoli mai duba ayyukan hukuma a Faris. Ranar 27 ga Yuli 2005 kotun ta ce ginin hukuma na kowa ne, ba a liƙa masa alamar ra'ayin siyasa ko addini. Har yau in wani magajin gari a Faransa ya rataya wata tutar da ta jawo gardama, wannan hukuncin lauyoyi ke jawowa. A riƙe wannan: a 2005 doka ta ce ja-kore-baƙi ra'ayin wani ɓangare ce.

Abin da ya fitar da ita daga hannun wani ɓangare, a ganina, guba ce. Daga 1972 zuwa 1993 an yi ta zuba wani maganin ƙwari mai suna kulodekon a gonakin ayaba na Martinik da Gwadalup, wani tsibirin Faransa a yankin, alhali Amurka ta hana shi tun shekarun 1970, ita kanta Faransa ta soke izininsa a 1990 amma aka ƙara wa tsibiran wa'adi. Maganin ba ya ruɓewa da wuri. Ya shiga ƙasa da rafuka da kifin gaɓa, binciken hukumar lafiya ya same shi a jinin sama da kashi 90 cikin 100 na manya, kuma sankarar prostate, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza, a tsibiran tana cikin mafi yawa a duniya. Mutumin da bai taɓa tunanin ɓallewa ba, in aka ce masa kada ya ci doyar bayan gidansa, dole ya tambayi wa ya sa hannu, wa ya ci riba. A Satumba 2018 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya ziyarci tsibirin, ya amsa cewa gwamnati tana da alhaki a wannan ta'asa. A ziyarar aka tayar masa da maganar macizan da ke kayan jandarma, kafin wata ya zagayo ya ba da umarni a cire. Ranar 22 ga Mayu 2020 matasa suka tumɓuke gumakan Victor Schœlcher, Baturen da littattafan makaranta suka ba ladan 'yanta bayi, suna cewa bayin ne suka 'yanta kansu. A Yuli suka kayar da na d'Esnambuc da na Joséphine matar Napoleon, 'yar masu gandun tsibirin, wadda dama tun 1991 aka sare wa gunkinta kai. Ja-kore-baƙi ce a hannunsu.

Ana cikin haka hukumar tsibirin ta yi nata yunƙurin. Tun ƙarshen 2015 Martinik take da majalisa guda mai kujeru 51 da majalisar zartarwa, wadda Alfred Marie-Jeanne ya fara shugabanta. Tsohon ɗan neman 'yancin kai ne, ya yi shekaru yana magajin garin Rivière-Pilote, garin boren 1870. Kowa zai zaci ja-kore-baƙi zai ɗauko. Sai ya shirya gasa, ranar 10 ga Mayu 2019 ya fito da wata sabuwa fil: ƙatuwar katantanwar teku da suke kira lambi a tsakiya, taurari 34 na zagaye da ita, ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, sai yanka takwas na shuɗi da kore, shuɗi don tekuna biyun da suka sa tsibirin a tsakiya, kore don tsaunuka. Gaskiya zaɓin lambi ba laifi. Ana cin namanta, ana huda ƙoƙon a busa kamar ƙaho. Masunta na busa shi in sun dawo da kifi, bayi kuma da shi suke kiran juna ranar bore. Da wannan tuta 'yan ƙwallon suka je gasar kofin zinare ta 2019, inda suka ci Kuba 3 da nema, Meziko kuma ta doke su da ƙyar 3 da 2. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Mutane suka ce ta yi kama da tambarin kamfanin yawon buɗe ido, wasu suka ce taurari da yanka-yankan sun yi yawa, yaro ba zai iya zana ta a allo ba. Babban aibinta dai mutum ɗaya ne ya yanke hukuncin ƙarshe. A Nuwamba 2021 kotu ta soke ta, ba don zanen ba, sai don zaɓen tuta hurumin majalisa ne, ba na shugaban zartarwa ba.

Magajinsa, Serge Letchimy na jam'iyyar Césaire, ya ce to a bar jama'a su zaɓa. Aka sake gasa, aka buɗe ƙuri'a ta intanet a Janairu 2023. Shafin ya yi ta samun tangarɗa, ƙorafi ya yi yawa, waɗanda suka jefa ƙuri'a a zagayen ƙarshe ba su kai 30,000 ba. Zane biyu suka rage. Ɗaya ja-kore-baƙi ce tsagwaronta. Ɗayar ta ɗauki launukan nan uku ta ɗora musu kolibri, ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai dogon baki da ke tsayawa cak a iska yana tsotsar fure. Dabara ce ta raba gardama: ga launukan 'yan gwagwarmaya, ga tsuntsu ya sanyaya su. Tsuntsun ya lashe da sama da kashi 70 cikin 100. Kwana kaɗan aka fara yaɗa cewa hotonsa daga wata taskar hotuna ta intanet aka kwafo, zagi ya yi wa mai zanen yawa, ta janye aikinta. Ranar 2 ga Fabrairu 2023 majalisa ta zauna ta amince da ta biyun, ƙuri'a 44, mutum ɗaya ya ƙaurace, babu wanda ya ce a'a. Ƙyallen da kotun Faris ta sauke daga ofishin Sainte-Anne ya zama tutar hukuma.

Za a iya cewa ta shigo ta taga, tunda ba ita ta ci zaɓe ba, kuma masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba. Sai dai zaɓen da bai tara kashi ɗaya cikin goma na jama'a ba, ba zai goge shekara hamsin na yawo a titi ba. Cikin tutocin huɗu, ita kaɗai ce mutane suka ɗinka da kuɗinsu, suka rataya a motocinsu tun ba a ba su izini ba. Majalisa ta tarar da ita ne a hannun jama'a ta sa hannu.

Wurin da mai kallo daga nesa zai iya ruɗewa shi ne ya ɗauka Martinik ta kama hanyar ɓallewa. A Janairu 2010 an tambayi mutanen tsibirin ko suna son ƙarin cin gashin kai, ba ma 'yancin kai ba, kusan kashi 79 cikin 100 suka ce a'a. Suna kallon maƙwabtansu masu tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, suna kallon fanshonsu da asibitinsu da 'ya'yansu da ke aiki a Faris, suna yin lissafi. Mutum ɗaya zai rataya ja-kore-baƙi a madubin motarsa, ya kuma jefa ƙuri'ar zama a Faransa, bai ga wani saɓani ba. Tutar tana faɗin su wane ne su da abin da aka yi musu, ba ta taɓa maganar wa ke riƙe da baitulmali ba. Shi ya sa wasu tsofaffin 'yan gwagwarmaya ba su yi murna sosai ba. A wurinsu an ɗauke musu makami an mayar da shi adon ofis, yana kaɗawa a gefen mai launi uku.

Iyakar abin ta bayyana da wuri. Wata guda kafin zaɓen tutar, alƙalai a Faris suka rufe shari'ar kulodekon ba tare da gurfanar da kowa ba. A Mayu 2023 majalisar ta sake yunƙurawa ta ce Kiriyol ya zama harshen hukuma tare da Faransanci. Kotu ta soke, domin sashe na 2 ɗin nan da ya ambaci tuta shi ne kuma ya ce harshen jamhuriya Faransanci ne. Tuta ta biyu doka na iya kawar da kai, harshe na biyu a takardun hukuma kuwa ba ta yarda ba. Sai ga Satumba 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, a tsibirin da hukumar ƙididdiga ta ce kayan abinci sun fi na Faransa tsada da kusan kashi 40 cikin 100. Masu zanga-zanga suka tare ƙofofin manyan kantuna da ja-kore-baƙi a kafaɗa, irin wadda ke kaɗawa a gaban ginin majalisa. Aka sa dokar hana fitar dare, Faris ta turo rundunar 'yan sandan kwantar da tarzoma ta CRS, wadda rabonta da taka tsibirin tun bayan kashe samarin nan uku a Disamba 1959.